Zanen da Ido Ba Ya Gani

A tashar Birnin Kudu, cikin motar Gwaram, Ummussalma mai lalle ta kasa ɗauke ido daga baƙuwar da ke gabanta. Ba wata kyakkyawa ba ce, mayafinta ko guga babu. Amma dubi yadda tsohon da ke gefen baƙuwar yake karkato mata kunne!

"Baba, leda ce, ɓawon albasa ma ya fi ta kauri," in ji baƙuwar, tana nuna masa hoto a waya. "Muna ɗumama ta tsakanin ƙarafa biyu masu lantarki, sai ta jera kanta ɗigo-ɗigo. Ba a ganin zanen sai da na'ura."

Ummussalma tana murza yatsunta da reza ta yayyanke. Shekara tara tana yanka fure a salatef don ƙafafun amare, ita da a da can ba a kayar da ita a ajin kimiyya. Wannan kuwa, da gani, a ɗaki mai sanyi take wuni.

"Allah ya yi miki albarka," in ji tsohon.

Ummussalma ta leƙa hannun baƙuwar, ta taɓe baki. Duk bokon nan, ko lallenta bai kama ba.