Ɗagawa ta Uku a Yelwa

Shekara biyu ina atisaye da bututun ƙarfe da gwangwanayen siminti kafin in shiga gasar ɗaga nauyi a Yelwa. Da sassafe na bi motar kifi daga Wara, amma sai bayan la'asar aka kira ni, zaman jira ya riga ya cinye ni. Ɗagawa biyun farko sun yi kyau. A ta uku ƙarfen ya kai gwiwata ya tsaya, yatsuna suka buɗe da kansu. Na zo na huɗu.

Da na koma gida, Inna ta dubi tafin hannuna duk ya ɗaye.

"Zauna, ɗana," ta ce. "Labarin ya jira gobe."

Ta kawo tuwo, na kasa yankar loma. Da cokali na ci, ina gyangyaɗi.