Sawun da Ya Fito a Kafet ɗin Delmer

A nan Dalton, in ka ce Delmer Suggs ba kowa zai gane ba, sai ka ce mai taka kafet. Aikinsa ke nan a masaƙarmu: a shimfiɗa sababbin samfura a dogon zaure, shi da abokan aikinsa su yi ta kai da kawowa a kai, a ga wanda zai fara kwanciya. Ni ina ɓangaren murɗa zare, shi yake yanke wa aikina hukunci da tafin ƙafa.

Delmer ba ya iya zama. A coci yana baya yana zarya, kofi ma a tsaye yake sha. In ya shiga gidan mutum, kafin gaisuwa ya tsuguna ya cusa yatsa a kafet. Yakan ce zaren da bai sha murɗi ba kamar malalacin yaro ne, ana taka shi ya baje. A wurinsa laushi yaudara ce. Shi ya sa ya shimfiɗa wa gidansa kafet na nailan mai ƙananan madaukai, saƙa a matse. Shekara talatin da ɗoriya, ko alamar sawu babu. Matarsa Arlene takan ce ya fi son kafet ɗin a kanta, shi kuma ya ce ai kafet ba ya mita.

Sai ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya ce in ba ta riƙa tafiya kullum ba, ƙafar ta tafi ke nan. Ranar da ta fara gwadawa, ƙarfen da take dogarawa ya maƙale a madauki ɗaya, ya zaro zare, ta kife. Daga nan ta ƙi sauka daga gado.

Ya lallaɓa, ya yi faɗa, ya yi ta zagaye ɗakin.

"Tsoho, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji ta. "Kai da gwanin kafet ɗin naka da ba ya tsufa. Ni na tsufa."

Ran Asabar ya same ni a gida, ko zama bai yi ba. Wai in taya shi neman guntun kafet mai yankakken kai, marar madauki, gajere, mai laushi. Na tuna masa irin wannan ne yake kira kayan 'yan gayu, kafin shekara ya kwanta.

"Na sani, Hoyt. Ɗauko wuƙarka kawai."

Muka samo sabon, muka je gidansa muka ɓamɓare tsohon, muka shimfiɗa shi. Ƙasansa fes, kamar jiya aka saƙa. Delmer bai yarda ya kalle shi ba da muka jefa a mota.

Arlene ta daɗe ba ta amince ba. Da farko yatsun ƙafa kawai take gogawa. Shi kuwa, don kada sawunsa ya gauraya da nata, ta jikin bango yake raɓawa a gidansa.

Kusan Kirsimeti ya kira ni in zo maza. Daga bakin gado zuwa taga, zaren ya baje ya dushe, ga layi siriri inda take jan ƙafar hagu. A masaƙa da shara za a kai shi. Delmer ya tsuguna yana shafawa.

"Dubi lalacewa," ya ce. "Ita kaɗai ta yi wannan."

Arlene na tsaye a taga. Ta ce ya tashi daga hanya, tana son komawa.