Ruwan Ɗacin Yallaɓai

Shekarar da na kama aiki a sashen gona na wata ƙaramar hukuma kusa da Dutse, aka tura shugabanmu kwas a Jamus kan adana hatsi. Da ya dawo, ba mu ji komai game da rumbu ba. Zancensa ɗaya ne: wani abin sha mai ruwan ƙasa da Jamusawa ke dafawa da tsiron sha'ir a ƙananan masana'antu. Ya ce nasu na asali giya ne, shi kuwa wanda babu barasa a ciki aka ba shi, kuma tun ranar harshensa ke nemansa.

Sai ya ce zai yi nasa. Ya jiƙa dawa ta tsira, ya shanya, ya soya ta har ta yi duhu. Furen da suke sakawa don ɗaci babu shi a kasuwar Kiyawa, saboda haka ya jefa ɓawon maɗaci. Ya tambayi limamin masallacin ofis, liman ya ce muddin ba za a bari ya kwana ba, ai kunu ne kawai mai baƙin hali.

Ranar Litinin ya tara mu, kowa da kofin gilashi. Ya ce ban da kwankwaɗa. A kurɓa a hankali, a juya a baki, sannan a faɗi abin da aka ji.

Na kurɓa. Da farko ɗan zaƙi-zaƙi ne kamar ƙanzon tuwo, har na fara murmushi. Sai ɗacin ya taso daga baya ya shaƙe min maƙogwaro, kunnuwana suka ɗau zafi.

"Malama, me kika ji?" in ji shi.

"Ƙanzo, Yallaɓai."

"Madalla! Jamusawa ɓawon burodi suke cewa. Sai me?"

"Sai nadama, Yallaɓai."

Ya rubuta a takarda.

Baba maigadi ne kaɗai ya shanye nasa tas. Ya goge baki ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai maganin shawara ne."

"Ba magani ba ne, Baba. Don nishaɗi ake sha."

"To, Allah dai ya ba mu lafiya," in ji Baba.

Kafin Juma'a labari ya kai tasha. Mutane suka fara cika mana baranda da goruna. Wata tsohuwa ta shigo motar haya tun daga Jahun da jarka. Ni aka ɗora wa aikin gaya wa kowa cewa abin ba ya maganin komai, mai ciwo ya tafi asibiti. In na faɗa, sai su gyaɗa kai su ce haka masu magani na gaskiya suke faɗa, sannan su tambaye ni: kafin abinci ne ko bayan abinci?

Abin ya dami Yallaɓai ƙwarai. Ya ce da ni, "Malama, mutum ɗaya nake nema ya sha don daɗi. Ɗaya tak."

Wata safiya wani dattijo makiyayi ya zo daga wajen Buji, yana jan saniyarsa wadda ta kwana biyu tana ƙin ciyawa. Yallaɓai ya gaji da musu, ya juye ragowar tukunyar a daro. Saniyar ta tsoma baki, ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan daron, ta bi shi da lasa, ta juyo tana kallon Yallaɓai. Wallahi na ga idonsa ya ciko.

Daga ranar ya daina dafa wa mutane. Duk Litinin dattijon zai kawo ta, a ajiye mata daronta a gindin darbejiya, Yallaɓai ya jawo kujera da kofinsa su sha tare, mu kuwa mu jira da fayil a hannu har su gama. Haka aka yi har ƙarshen kaka, lokacin da dattijon ya tashi da garkensa ya yi kudu neman ruwa.

Yallaɓai ya ba matar maigadi tukunyar. Amma har ya yi ritaya, duk direban da muka aika wajen Buji sai ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ya ce in ya ga makiyayan nan ya tambaya masa lafiyar saniyar.