Ranar da Tela Ta Kai Kekenta Baiko

Tela ake ce mata a layin, ko da yake an sha tsokanarta cewa sunan maza ne. Ita ko a jikinta. Tun rasuwar mijinta keken ɗinkin nan ne maigida: shi ke biyan haya, shi ke ɗora tukunya. Rabin rigunan mawaƙan coci a ƙarƙashin allurarsa aka yi su, kuma kyauta.

Sai ciwo ya kwantar da autarta. Asibiti ya cinye jari, ya cinye zannuwa, yarinya kuwa kullum jiya i yau. Ran Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan gwauruwar da ta ba da duk abin da ta mallaka, aka yabe ta sama da attajirai. Tela ta ji kamar da ita ake.

Yayanta, mai gadin cocin, ya tarar da ita tana cire kan keken daga teburin ɗinki, za ta kai coci.

"Ke, kanki ɗaya kuwa? Littafin Allahn nan fa shi ya ce wanda ya ƙi kula da iyalinsa gara marar bi da shi."

"Shi ya ce kuma a sayar da komai a bayar, Yaya."

"Nan ya ce talaka ne mai albarka, can ya ce mai bayarwa rumbunsa zai cika. Ni da nake kwana a ƙofar cocin ma ban gane ba. Wanne za ki kama?"

"Wanda zai tayar mini da 'yata," in ji ta. "Na yi azumi, na yi kuka. Wannan kaɗai ya rage."

Ta naɗe kan keken a zane, ta ɗora a ka, ta kai gaban bagade, inda ake ajiye baiko, wato kyautar da ake yi wa Allah. A cocinsu, baikon da ba na kuɗi ba gwanjonsa ake yi bayan sujada. Ta sani sarai, amma can ƙasan ranta ta sa rai wani zai saya ya mayar mata. Ai duk sun san ta!

Matar ɗan kwangila ce ta saya, mai kujerar gaba, wadda ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Coci ya ɗauki tafi, fasto ya sa wa mai sayen albarka da suna. Direbanta ya jefa keken a bayan mota, kusa da tayar safaya. Tela ma ta tafa, don kada a ce ta yi baƙin ciki da abin Allah.

Ta koma gida ta sami zazzaɓin yana nan daram. Yarinyar ta juyo da ƙyar, fuska a bango rabi.

"Mama, ɗakin ya yi shiru. Ki yi ɗinki in samu barci."

Tela ta zauna gaban teburin da babu komai a kansa sai rami. Ta ɗora ƙafa a kan mataki, ta soma takawa.