Jifa Uku na Ƙarshe: Ta'aziyyar Tokuji Nagamine

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, muna sansanin atisayen besbol a Miyazaki, kocinmu ya ja ni gefe. Sai da ya cire hularsa kafin ya buɗe baki. Ya ce Tokuji Nagamine ya rasu da safiyar nan a wani asibiti a Matsuyama, bayan fama da ciwon hanta, yana da shekara arba'in da uku. Na ce masa ƙarya ne. Mutumin da a watan Oktoba na gan shi da idona a kan tudun jifa? Koci bai yi mini gardama ba, ya dai dafa kafaɗata ya wuce.

Yaya Toku, jaridu sun riga sun lissafa nasarorinka a fagen besbol, ba sai na maimaita ba. Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami daban ne. A duk zamanmu abu ɗaya tak ka taɓa roƙona, na kuwa hana ka shi a gaban fili cike da jama'a, suna ta yi mini tafi. Tun da ka rasu gidajen talabijin ke ta maimaita hoton wannan rana, ana cewa ga ladabin ƙani ga yayansa. Duk sanda na gani, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makarantarmu ɗaya a Uwajima, amma ka yi mini nisa a shekaru. Ina ɗalibi kai ka riga ka zama majefin da ake ji da shi a ƙasar nan. Idan kakar wasa ta ƙare, manyan 'yan wasa kan tafi hutu inda babu sanyi, kai kuwa sai ka dawo tsohon filin makaranta ka yi atisaye da mu. Ranar da ka fara jefa mini ƙwallo, da gangan ka sassauta hannu. Na narke ta, na cilla kulkina sama don abokaina su gani, ya faɗa cikin taɓo. Ka sauko daga tudu a hankali, ka ɗauke shi, ka goge da hannun rigarka, ka miƙo mini da hannu biyu.

"Kai Ɗawisu," ka ce, "kulkin nan me ya yi maka?"

Sunan ya bi ni har yau. Bayan atisaye kuma ka kwashe mu gaba ɗaya zuwa shagon taliya na bakin tashar jirgin ruwa, ka ce a ƙara wa Ɗawisu ƙosan kifi, ado yana cin ƙarfi.

Ban taɓa ganin ka ɗaga hannu sama don ka kayar da mai bugu ba. Da ya kuskure duka na uku ya fita, sai ka juya baya, ka sunkuyar da kai, kana gyara ƙasar tudu da takalminka har ya koma benci. Na taɓa tambayarka ko ba ka jin daɗi ne. Ka ce kana ji mana, amma wanda ka kayar uwarsa tana cikin 'yan kallo. Ranar da ƙwallonka ta kuɓuce ta sami wani baƙon ɗan wasa a gwiwar hannu, ka cire hula ka rusuna kamar yadda kowa ke yi, amma kai ba ka tsaya nan ba. Washegari ka kai masa kwalin lemu har masaukinsa, kuka zauna kuna kallon juna ba mai jin yaren wani. 'Yan jarida suka ce ba ka sayar da jarida. Ni ne mai sayarwa, ni da cilla kulki da bugun ƙirji da tafiyar ƙasaita, kuma ba na ɓoye cewa ina son abina.

Da na shiga wasan ƙwararru a wata ƙungiya dabam, muka haɗu a fili. Na kai ƙwallonka bayan katanga, na cilla kulki har ya kusa taɓa gajimare, na tsaya ina kallonta kamar wanda ya raka baƙo tasha. Kowa ya san hukuncin wannan: zagaye na gaba, ƙwallo a haƙarƙari. Zagaye ya zo, na dawo wurin bugu. Okubo, mai cafe maka ƙwallo, yana tsugunne a bayana ya ce, "Ɗawisu, ka yi sallama da mutanen gida dai ko?" Sai ga jifa uku ta tsakiya, tsaf, na kai duka da dukkan ƙarfina ban taɓa ko ɗaya ba. Bayan wasa ka aiko a kira ni muka ci abinci. Ka ce jifan mutum a haƙarƙari ba ya koya masa komai sai tsoro, kayar da shi ne ke koya masa. Ni dai ban koya ba, hali zanen dutse, kai kuma ba ka fasa kirana ba.

Shekarar da gwiwata ta lalace aka mayar da ni ƙaramar ƙungiya, masu kyamarar nan duk suka watse, ko gaisuwa. Kai ne ka tuƙo mota ranar hutunka, ka zo ka yi ta jefa mini ƙwallo a wani ƙaramin fili bayan ma'ajiyar kaya, kai da kake majefin abokan hamayyarmu. Ka ce in wani ya tambaya in ce wucewa kake yi. Wucewa zuwa ina, Yaya? Hanyar nan a bakin teku ta ƙare.

Sai ga maganar ajiye wasanka. Ka fi ni sanin al'adar: majefin da zai yi bankwana akan ba shi mai bugu ɗaya ya fuskanta, shi kuma mai bugun ya kai duka uku a iska ya koma benci, a tafa, a ba da furanni. Ba a rubuce take ko'ina ba, amma wanda ya karya ta zai sha zagi har jikokinsa. Wasan naka na ƙarshe ya faɗo da ƙungiyarmu, ka kuma nemi a sa ni farkon masu bugu. Ana saura 'yan kwanaki ka kira ni cin abincin rana.

"Ɗawisu, ba na son sadaka," ka ce. "Ka buga da gaske. In ka iya ka kai ta bayan katanga, ka cilla kulkinka yadda ka ga dama, ranar na yafe maka."

"Haba Yaya, so kake a jefe ni a titi?"

"Kafin mako ya zagayo sun manta. Ni ne ba zan manta ba."

Na lura ka rame, na lura shinkafarka tana nan yadda aka kawo ta. Maimakon in tambaya, sai na shiga tsokana, na ce ko matarka Anti Sawako ce ta sa maka takunkumin abinci. Ka yi dariya. Na yi maka alkawari, har da miƙa hannu. Ashe a lokacin likitoci sun riga sun gaya maka abin da suka gani, daga kai sai matarka kuka sani.

Ranar wasa kocinmu ya tare ni a bakin benci ya ce, "Ishiwata, ka san abin da ake yi. Kada ka jawo mana magana." Da sauƙi in ɗora masa laifin, amma ba shi ba ne. Tsakanin benci da wurin bugu na yi lissafina. In na buga ta wuce katanga, na zama marar kunyar ƙasa. In kuma na kai duka da gaske na kuskure, za a ce tsoho mai mataccen hannu ya kayar da Ɗawisu. Wallahi na biyun ne ya fi tsaya mini a wuya.

Masu mutunci idan za su bi wannan al'ada, a natse suke yi. Su kai duka kusa da ƙwallo, su sunkuyar da kai su tafi, yadda 'ya'yan mai bankwana za su iya cewa babansu ne ya yi nasara. Ni kuwa so nake duk wanda ke filin nan ya san kyauta na yi maka. Jifan farko, na kai duka kamu guda sama da ƙwallo, na yi juyi kamar mai rawa. Fili ya fashe da dariya. Na biyu, na zube a gwiwa, hular kwanona ta gangara. Dariya ta ƙaru, ni ma ina yi.

Sai ka sauko daga tudu taki ɗaya, ka tsaya kana dubana. Ba ka ɗaure fuska ba, duba ne kawai. Okubo ya yi magana ƙasa-ƙasa daga bayana: "Kai, mutumin nan sai da aka yi masa allura kafin ya iya ɗaga hannu. Ka ji kunya mana." Na ji shi sarai. Amma tafi yana shiga kai kamar giya, kuma na riga na fara.

Na uku, tun ƙwallo ba ta iso ba na kai duka, na saki kulki ya tafi can, na ɗaga hannuwa sama wai na miƙa wuya. Da wutsiyar ido na ga yadda ta zo. Jifan nan naka ne mai tahowa kai tsaye sannan ya nutse a gaban mutum, wanda ka ci abinci da shi shekara da shekaru, kuma rabon da ya fito da kyau haka an daɗe. Da na tsaya da gaske, ban tabbata zan taɓa ta ba. Mai yiwuwa da ka kayar da ni da hannunka, kayarwa ta gaskiya. Yanzu ba wanda zai taɓa sani, ni da kai duka, kuma ni na jawo.

Ni aka ba furannin in miƙa maka a madadin ƙungiyarmu. Ka karɓa, ka rusuna sosai, ka ce, "Na gode da ɗawainiya, Malam Ishiwata." Malam Ishiwata! Tun ina ɗalibi ban taɓa jin wannan daga bakinka ba. Da ka mare ni a gaban kyamara da ya fi mini sauƙi. Na san ya kamata in kira ka washegari. Na ce bari ka huce, na ce bari a gama bukukuwan ƙarshen shekara, na ce in an tashi sansani zan je Uwajima da kaina. Kai kana kwance a asibiti, ni ina ta bari-bari.

An yi jana'izarka ranar Juma'a a haikalin unguwarku. Bayan an ƙona turare, lokacin da dangi ke jera furanni da abubuwan da kake so a cikin akwatin gawar kafin a rufe, Anti Sawako ta yafito ni. Tana riƙe da wani abu a cikin hankici. Ta buɗe, sai ga ƙwallon nan ta jifa na uku.

"Daigo," ta kira ni da sunana na yanka, ta ce, "mutanen ƙungiya sun ce a sa masa wannan ya tafi da ita. Amma tun da ya dawo da ita gida bai sake taɓa ta ba, a cikin jaka na same ta. Ni ban san wasa ba, kai ne ka tsaya a gabansa. Ya kayar da kai, ko kuwa?"

Malamin haikali yana jira, masu rufe akwati suna jira, 'ya'yanka biyu suna kallona. Kalma ɗaya ce za ta sallami kowa, kuma ba wanda zai zarge ni a kanta. Na dubi fuskarka a tsakiyar furanni, na kasa.

"A'a, Anti. Ban ba shi dama ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "A mota muna komawa gida ranar, magana ɗaya ya yi. Ya ce, yaron nan bai ga na isa ya kara da ni ba." Sannan ta kamo hannuna, ta sa ƙwallon a ciki, ta naɗe yatsuna a kanta. "To ba tasa ba ce ke nan. Taka ce."

Aka rufe akwatin ba da ita ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana kare mutuncin waɗanda ya kayar, ya tafi ba tare da ƙwallonsa ta ƙarshe ba, don ni na tsaya kare nawa.

Allah ya jiƙanka, Tokuji Nagamine, ya sa ka huta daga ciwon da ka ɓoye mana. Ya saka maka da alherin da ka yi wa yaran Uwajima, da baƙin da ba su jin yarenka, da marasa kunya irina. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Sawako, wadda ta riƙe wannan nauyi ita kaɗai wata da watanni ba ta nuna ba, da 'ya'yanka Chiharu da Natsume, da mahaifiyarka da ta ga abin da ba uwar da ke fatan gani, da Okubo wanda ya tsuguna a gabanka tsawon shekaru. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya tsaya muku a inda marigayin yake tsaya muku.

Ban nemi gafararka ba lokacin da kake iya amsawa, ina nema yanzu da ba ka iyawa. Ka yafe mini, Yaya Toku. Ka isa. Wallahi ka isa, ni ne na ji tsoro.