Yatsun Yaya a Ƙasar Ƙanƙara

Ni fa har gobe raina ɓaci yake yi in na ji an ce wane ya tafi yawon shan sanyi. Yawon me? Kana zaman zamanka a Dubai, in sanyin kake so ga AC nan ko'ina har a tashar bas, amma sai ka ɗauki ƙafa ka tafi inda numfashi ke daskarewa a hanci.

Yayata ce ta kawo ni garin nan. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Al Rigga. Ni ina ɗaurin kaya a wani shagon kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a kasuwar Murshid Bazaar, ita kuma tana zanen lalle a salun. Hannunta na dama shi ne gatanmu: shi ya yi min biza, shi ke riƙe da Inna a Kano. In ta kama ledar lalle tsakanin babban yatsa da manuniya, sai ka rantse furen da kansa yake fitowa. Saboda aikin, kan yatsunta kullum baƙi ƙirin ne har ƙarƙashin farce. Na manta rabona da in ga ainihin launinsu.

Akwai wata Balarabiya da ba ta yarda kowa ya taɓa hannun 'ya'yanta sai Yaya. Da hunturu ya zo ta ce za su Finland, babbar 'yarta tana son hoton lalle a cikin ƙanƙara kafin bikinta, don haka da Yaya za a tafi. Na ce, "Yaya, ke da kike rufa da bargo biyu in na ƙara AC?" Ta ce, "Ke dai baƙin ciki kike yi, 'yar kago." Ni na raka ta kasuwa muka sayo jibgegiyar riga da safar hannu mai gashi a ciki. Ta gwada a ɗaki, ta koma kamar buhun auduga, muka yi dariya har da hawaye.

Da farko sai hotuna. Ga ta kusa da wata barewa mai ƙaho kamar reshen bishiya. Ga ta zaune kan tafkin da ya daskare, an huda rami ana kamun kifi. Ta ce rana ba ta fitowa sosai, sai ta leƙo ta koma, har ta rasa gane azahar da la'asar sai ta duba waya. Murya dai ras, tana ta tsokanata.

Abin da ya faru ranar karnuka kuwa, sai da ta dawo na ji. An kai su hawan wani keke marar taya da karnuka ke ja a kan ƙanƙara. Ta cire safar dama za ta ɗauki yaran hoto, sai wani kare ya miƙo kai ya lashe mata hannu. To, mu yadda aka tashe mu, yawun kare ya taɓa ka ai sai wanki, ga kuma salla a gaba. Yaya ba ta yi wata-wata ba, ta ciro gorar ruwa daga cikin rigarta ta wanke hannun tas, ta sake wankewa. Ana ta kiranta ta yi sauri, "Yalla, yalla!" Ta zura shi a jiƙe cikin safa, ta riƙe ƙarfen keken, karnuka suka zuba a guje cikin iska.

Ta ce da fari zafi ta ji kamar ana soka mata allura, daga baya ya daina, sai ta ce alhamdulillahi, hannu ya saba. Da suka isa bukkar da ake shan shayi, Baturiyar da ke jagorantarsu ta bi kowa tana duba hanci da yatsu ko sanyi ya yi musu illa. Ta zo kan Yaya ta tsaya, ta ƙura wa yatsun ido. Yaya ta yi dariya ta ce mata lalle ne, aikinta ke nan, yaran ma suka ce haka ne. Matar ta tambaya ko suna ciwo, ta ce ko kaɗan. Sannan Yaya ta je ta kanga hannun a wuta yadda muke jin ɗumi a gida, kusa sosai, tunda ba ta jin zafin.

Washegari yatsun suka kumbura suka yi ruwa. Ta naɗe su da tsumma, ta ce wa Balarabiyar ƙuna ce ƙarama, ta daure ta yi wa amarya zanenta. Wai kunya take ji a ce an kawo ta tun daga Dubai ta kasa abin da aka kawo ta yi.

Ranar da ta dawo, ina kwance mata tsumman na yi ido biyu da yatsun. Wannan baƙin ba na lalle ba ne. Lalle yana sheƙi, wannan kuwa ya bushe ya ƙanƙance kamar busasshen dabino. Na ce, "Innalillahi! Yaya, me kika yi wa kanki?" Ta ce, "Kar ki gaya wa Inna." Na yi ta masifa a cikin tasi har asibiti.

Likita ya ce a jira a ga iya inda naman ya mutu. Jiran nan ya fi komai cin rai. Kullum in na dawo daga shago sai in same ta zaune bakin gado tana kallon hannun. Balarabiyar ta zo, ta yi kuka, ta tsaya mana a asibiti, ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Haushina dai ban san inda zan kai shi ba: kare, ko ruwa, ko lallen, ko Yayar kanta. A ƙarshe aka cire gaɓar farko ta manuniya da ta babban yatsa. Mai salun ta ce za ta riƙe mata kujerarta zuwa bikin salla, in ba ta iya ba, khalas, shi ke nan.

Da ciwon ya warke, wata Juma'a da hantsi ta ce, "Auta, kawo hannunki." Ta kama ledar da guntayen yatsun, ta suɓuce. Ta sake kamawa, ta sake suɓucewa. Sai ta mayar hagu. Tana yi tana cije leɓe, zufa na tsattsafo mata duk da AC. Furen ya fito a karkace, layin nan kauri, can siriri, irin wanda da in 'yar koyo ta yi take cewa a goge.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta saki hannuna ta juya fuska bango, ta ce, "Je ki wanke kafin ya kama."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don ta ji ƙarar ruwa. Na zauna a bakin baho na ɗaga hannun sama, ina kuka a hankali, har lallen ya bushe.