Jan Harafin Motar Kaka

Da makarantar koyon tuƙi ta ce in manna jan harafin nan na L a gaba da bayan mota, ban tafi saye ba. Ɗakin da muke jibge tsofaffin kaya na shiga, na jawo akwatin ƙarfen Kaka daga ƙarƙashin gado. Ina ɗaga murfin warin albasa ya tarye ni, gauraye da na baƙin mai da turaren da yake shafawa ranar Juma'a. Shekara goma ke nan da rasuwarsa, amma akwatin bai san da haka ba. Harafin yana nan a sama, na kwano, fentinsa ya fara ɓamɓarewa, da 'yar wayar da ake ɗaure shi. Na zauna a ƙasa riƙe da shi, har na manta abin da ya kawo ni ɗakin.

Kaka shi ne mahaifin Babana, kuma a gidansa muke zaune, a unguwar Gidan Dahala. Yana da wata farar a-kori-kura da ta tsufa har farin ya koma ruwan ƙasa. Da ita yake kwaso albasa da shinkafa da rake daga fadamar Kwalkwalawa zuwa kasuwa. Ya fara tuƙi tun zamanin da motoci ke bin hannun hagu, kuma rabin direbobin unguwarmu a hannunsa suka koya. Ni amarya yake ce mini, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu, ni kuwa ba na raga masa. In na ce motarsa ta fi shi tari, sai ya ce ya sake ni, gobe zai auri ƙawata mai ladabi. Kafin azahar ya mayar da ni da ɗan guntun rake.

Lasisinsa wani ɗan littafi ne da bangonsa ya koɗe, a ciki da hoton saurayi mai baƙin gemu wanda na ƙi yarda shi ne. Ina shekara tara, wata safiya da bazara, ma'aikatan hanya suka tsayar da shi. Wanda ya karɓi littafin yaro ne, har da rusunawa ya gaishe shi, sannan ya yi masa bayani a hankali. Doka ta canza. Wannan littafi ya daɗe da mutuwa, sunansa kuma ba ya cikin na'ura, don haka sai ya sake daga farko: ya shiga makarantar tuƙi, ya karɓi takardar ɗan koyo, ya ɗaura harafi, kada ya hau titi sai da mai lasisi a gefensa, daga baya a gwada shi a ɗauki hoto da zanen yatsu. In ba zai iya ba, ya ajiye mota.

Ranar bai taɓa tuwo ba. Ya zauna a zaure yana juya makulli a hannu. Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, tsoro ya kama ni, don ranar na fara ganin cewa Kaka tsoho ne. Mutumin da tun kafin a haifi Babana bai taɓa wayar gari ba tare da inda za shi ba, in aka karɓe masa sitiyari ban san me zai rage ba.

Makarantar ba ta dame shi ba, ya je ya zauna cikin sa'o'in jikokinsa ya saurara. Harafin ma da kansa ya kai wa maƙeri ya yanko masa a kwano, wai na leda na yara ne. Wanda zai zauna a gefen ne ya zama magana. Direbobin da ya koya wa suka yi ta zuwa suna cewa su za su zauna, ya sallame su ɗaya bayan ɗaya.

"In zamna yaron da na koya ma riƙon sitiyari shi riƙa nuna min dama da hauni? Gara in sai da ita," in ji shi.

Baba kuwa aiki ya kai shi Kudu, sai da salla muke ganinsa. Saura mutum ɗaya a gidan mai sabon lasisi irin na kati, wato Inna, mahaifiyata, wadda aikin ungozoma ya sa ta koyi mota.

To, ka san tsakanin suruki da matar ɗansa. Shekara goma sha biyu Inna tana gidan, ban da gaisuwar safe da take yi a durƙushe daga bakin ƙofa, magana ba ta taɓa haɗa su ba. In ta hango shi a zaure sai ta koma da baya kamar ta yi mantuwa. Ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ita marainiya ce, ba ta tashi ta ga mahaifinta ba, ina jin shi ya sa kunyar tata ta fi ta kowa nauyi. Kwana uku Kaka yana tauna abin, a na huɗu ya kira ni, ya ɗaga murya yadda za ta haura katanga.

"Amarya, tambayo innakki ko katin nan nata na iya zama gaban motad da ba tata ba."

Inna tana wanki a tsakar gida. Na ji ruwa ya daina motsi na ɗan lokaci.

"Ce mishi katin na iyawa."

Haka na samu kujerar tsakiya. Duk ranar da Inna ba ta da aikin safe ni kuma babu makaranta, da an sallame asuba sai mu fita. Gaban motar benci ɗaya ne. Kaka a sitiyari, Inna ta lafe a jikin ƙofa ta ja mayafi ta juya fuska waje, ni a tsakani, sandar giya tana bugun gwiwata. Mu ratsa Gawon Nama ana buɗe shaguna, hayaƙin masu masa yana kwance a kan titi, mu kama hanyar jami'a gari yana yin fari. Har yau in na rufe ido ina ganin gadar da muke hawa, da gulbi a ƙasa ya janye ya bar yashi, da masunta tsaye cikin ruwa ba sa motsi, da balbelu suna tashi daga gonakin albasa a hankali. Barci yakan ɗauke ni ya dawo da ni, in kasa rarrabe abin da na gani da wanda na yi mafarki.

Aikina kai saƙo ne tsakanin mutum biyu da ba su kai kamu biyu da juna ba. Inna ba ta taɓa cewa Kaka ya yi kuskure ba. Kullum motar ce mai laifi.

"Ce ma mijinki motag ga ta mance sigina."

"Hwaɗa ma innakki hannuna ya hi ƙwan hitila gaskiya," in ji shi, ya zura hannu ta taga yana kaɗawa. Amma a kwana ta gaba sai in ji ƙyas-ƙyas, ya kunna. Bel ma da farko cewa ya yi shi ba akuya ba ne da za a ɗaure, sannan ya ɗaura. A gangaren gada ya saba kashe inji don tsimin mai, Inna ta aiko cewa motar tana son giyarta, ya bari. Ni kuma, Allah ya yafe mini, nakan ƙara gishiri. In ce, "Inna ta ce tuƙinka na mutanen ƙauye ne," alhali da kunnensa ya ji abin da ta faɗa. Inna ta mintsine ni ta ƙarƙashin mayafi, Kaka ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Da yamma ta zana alamun hanya a kwali ta ba ni in kai, shi kuma ya rubuta ma'anarsu da ajami a ƙasa, ya riƙa bita kamar mai tilawa.

Damina ta faɗi, gulbi ya cika, shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani. Wata safiya an kwana ana ruwa, iska mai sanyi tana shigowa ta taga, barci ya kwashe ni tun kafin gada. Abin da ya tashe ni murya ce da ban taɓa jin Inna ta yi irinta ba.

"Baba, birki!"

Mota ta yi ƙara ta tsaya, hannun Inna ya tare ƙirjina. Na buɗe ido kaɗan. Raƙumi ne da kayan rake ya fito daga gona ta hannun dama, yana ratsa gabanmu a natse, gefen kayansa yana shafar gilashi. Mai jansa ya ɗaga hannu ya wuce. Kaka bai gan shi ba sam. Inna kuma ta rufe bakinta da mayafi kamar ta yi saɓo.

"Amarya," in ji Kaka da wata 'yar murya, "hwaɗa ma innakki..."

Na runtse ido na lanƙwashe wuya. Ban san abin da ya sa ba, na dai ji wannan saƙon ba nawa ba ne. Ya taɓa ni, na ƙi motsi. Kwaɗi suna ta kuka daga cikin shinkafa.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

"Amin, Baba."

Iyakar maganar ke nan. Washegari aka koma aike kamar ba a yi ba. Inna ta ce in gaya wa mijina gilashin motar ya dushe ta gefen dama, ya kamata a kai ta asibiti. Ya gane, bai yi gardama ba. Ashe farar yanar ido ce ta rufe masa idon dama. Aka yi masa aiki aka cire, ya dawo da tabarau mai kauri, na yi ta ce masa mujiya har ya sake ni sau biyu a rana ɗaya.

Ranar gwaji shi da malamin makarantar suka tafi, mu muka zauna jira. Na kasa cin abinci. Ya dawo bayan la'asar, ya ajiye mota, ya tsaya yana kallon harafin.

"Ba a gama ba," ya ce. "Da sauran koyo."

Na yi kuka ranar, kukan haushi. Wane ne a garin nan zai ce Kaka bai iya tuƙi ba? Harafi dai ya zauna. Bazara ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Matasan unguwa suka laƙaba masa lana, wato ɗan koyo, har na taɓa jifan wani da takalmi a kan haka. Shi ko a jikinsa. Ranar da Inna take aiki ya zauna a zaure yana goge mota, ya bar wa wani jigilar, ranar da take gida mu fita mu uku, mu ɗauko albasa. Shekara huɗu muna haka, har na yi tsawon da sandar giya ta daina samun gwiwata sai cinya. Sannan wani zazzaɓi na kwana biyar ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ina zaune da kwanon nan a cinya, na sa hannu can ƙasan akwatin, na taɓo wani ƙyalle a ƙulle. Tsohon littafin ne a ciki, tare da kati. Sabon lasisi, da hoton Kaka da tabaransa, ya haɗe rai kamar an tilasta shi. Na duba shekarar da aka bayar. Shekarar gwajin ce.

Washegari da safe muka fita da Inna, ni a sitiyari, ita a gefe, don dokar har yanzu tana son mai lasisi kusa da ɗan koyo. Komai ya canza. Motocin yanzu su ke sa wa kansu giya, tambayoyin gwaji a na'ura ake amsa su, gidaje sun ci gonakin da nake mafarki a cikinsu. Kujerun gaba ma biyu ne, kowa da tasa, babu wurin da yarinya za ta zauna a tsakani. Da muka hau gada na ciro katin na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Na sani tun shekarar," ta ce. "Takardak koyo ba ta daɗewa take mutuwa, shi ko bai taɓa sabunta ta ba. Ido ya warke, amma raƙumin nan bai hita ransa ba. Tsoron hita shi ɗai yake, kuma ba shi iya hwaɗa ma kowa. Sai yab bar harahin."

"Ke kuma, Inna? Shekara huɗu kina tashi da asuba ranar hutunki, ba ki ce komai ba?"

Ta juya fuska waje, ta ja mayafi, daidai yadda take yi a da.

"Ni ban taɓa samun uban da zan zamna kusa da shi ba. Mi kike so in ce?"

Hanya ta dushe mini, na goge ido da bayan hannu. Gulbi yana nan a ƙasa, da masunta biyu a ciki. Muka gangara har muka iso kwanar da ake shiga fadama, na fara karya sitiyari. Inna ba ta dube ni ba.

"Motag ga ta mance sigina," ta ce.

Na kunna.